Abin Da Kunne Ya Ji Da Dare

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, idan gari ya waye aka tarar an kwance wa wani sa, ko an fasa masa rumbu, ba a rasa waɗanda za su ce sun ji wani abu cikin dare. Wannan ya ce ya ji haushin karnuka wajen gabas. Wancan ya ce ya ji babur ya wuce ba fitila. Wata tsohuwa ta ce ta ji an taɓa ƙyauren maƙwabta. Kowa ya faɗi nasa, galibi kuwa ba wanda ya yi nufin ƙarya. Amma da mai unguwa ya ce, "To, da wane lokaci?" sai magana ta watse. Wani ya ce bayan lisha ne kaɗan, wani ya ce dare ya raba, wani ya rantse zakara ya riga ya yi cara.

A kan wannan tambaya ta mai unguwa aka gina wani irin ƙagaggen labari wanda ya shahara a duniya, watau labarin bincike. A cikinsa a kan yi ɓarna a ɓoye, sa'an nan wani mai hankali ya zo ya tattara abin da mutane suka ji da abin da suka gani, ya jera su bisa sa'o'in dare har gaskiya ta bayyana. Za a duba yadda mawallafa uku na ƙasashen Turawa suka yi da hayaniyar dare, inda suka dace da inda suka gaza. Ma'aunin da za a auna su da shi ɗaya ne: mawallafin kirki ba ya karɓar abin da kunne ya ji sai ya tsare shi da tambaya, kamar yadda alkali ya ke tsare mai shaida.

Labari mai tafiya gaba da mai komawa baya

Kafin a tafi nesa, ya kamata a fara da abin da ke gida. A 1934 aka buga Jiki Magayi a Zariya, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta. Labarin wani attajiri ne, Malam Shaihu, da ya aure Zainabu, yarinyar da Abubakar ya ke so. Abubakar ya ƙulla gaba, ya tafi neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa musu, mai suna Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa wajen sata ba da saninsa ba.

A wannan littafi mai karatu yana tare da masu laifi tun daga fari. Ya san dalili tun ba a yi aikin ba, saboda haka ba ya tambayar wa ya yi. Abin da ke riƙe shi shi ne tausayi, da fargabar abin da ya hango yana zuwa ba mai iya tare shi. Wannan hanya ce mai ƙarfi, ba ta kuwa da abin zargi.

Labarin bincike ya bi wata hanya dabam. Shi daga safiya ya ke farawa, a gaban gawa ko a gaban turken da ba dabba, sa'an nan ya riƙa komawa baya sa'a bayan sa'a. Mai karatu bai san kome ba sai abin da shaidu suka faɗa. Da ya ke mafi yawan ɓarna cikin duhu a ke yin ta, dare kuwa rigar mugu ne, sai ya zama ido ba ya da abin faɗi da yawa, kunne ne ke ba da labari. Don haka gwanintar mawallafi ko kasawarsa ta kan bayyana wajen yadda ya sarrafa ihu, ko haushi, ko bugun ƙofa na tsakar dare.

Muryar da kowa ya ba ta suna

Labari na farko na Edgar Allan Poe ne, mutumin Amurka. An buga shi a 1841, masana da yawa kuwa suna lissafa shi mafarin wannan irin rubutu. Ya kafa shi a birnin Paris na Faransa, a wani titi da ya kira Rue Morgue. Wajen ƙarfe 3 na dare mutanen unguwa suka farka da kururuwa daga saman wani bene, inda wata tsohuwa ta ke zaune da 'yarta. Maƙwabta da 'yan sanda biyu suka ɓalle ƙofar gida suka hau. Suna kan matakala sai suka ji muryoyi biyu kamar ana faɗa, ɗaya kakkaura, ɗaya siririya mai kaifi. Kafin su kai sama wuri ya yi tsit. Suka iske ɗaki a kulle ta ciki, kaya a warwatse, ga kuɗin zinariya a ƙasa ba a ɗauka ba, uwa da 'ya kuwa an yi musu mugun kisa.

Da aka tambayi shaidu, duka suka yarda kakkaurar murya ta Bafaranshe ce. Amma a kan siririyar suka rarrabu. Ɗan sanda, wanda shi Bafaranshe ne, ya ce harshen mutanen Sifen ne. Wani maƙerin azurfa ya ce na Italiya ne. Mutumin Holan ya ce Faransanci ne, telan Ingila ya ce Jamusanci ne, mutumin Sifen ya ce Ingilishi ne, mutumin Italiya ya ce harshen Rasha ne. 'Yan sanda suka rasa madafa, suka kama wani akawun banki, don kawai shi ya rako tsohuwar gida da kuɗin nan kwana uku kafin abin ya auku.

Mai binciken, wanda a ke kira Dupin, shi ya lura da abin da ya shige wa kowa duhu. Ko wane mai shaida ya ambaci harshen da shi kansa ba ya ji, kuma ba wanda ya kama ko kalma ɗaya. Daga nan, tare da waɗansu alamu na cikin ɗakin, ya gane muryar ba ta ɗan Adam ba ce. Ashe wani ƙaton biri ne na tsibirin Borniyo ya kuɓuce wa maigidansa, wani ma'aikacin jirgin ruwa, da aska a hannu. Kakkaurar muryar ta maigidan ce, da ya leƙo ta taga ya ga abin da dabbarsa ke yi. Aka saki akawu. A nan kam biri ya yi kama da mutum, har ya kusa jawo wa mutum rataya.

Abin yabo a labarin shi ne jerin shaidun nan. Poe ya nuna halin kunne sarai: in ya ji abin da bai gane ba, ba ya yarda ya ce bai gane ba, sai ya jingina shi ga baƙo. Wanda ya taɓa jin an ce masu fashi Fillanci su ke yi, daga bakin wanda ba ya jin Fillanci ko na gaisuwa, ya san wannan hali bai tsaya a Paris ba.

Amma labarin yana da aibi. Ya buɗe da dogon bayani a kan wasannin dara da karta, wanda zai gajiyar da mai karatu tun bai kai ga ihun ba. Babban aibin kuwa shi ne birin. Mai karatu ya bi shaidu da kyau, yana zaton cikin mutanen da aka nuna masa mai laifi ya ke, sai aka ɗauko masa dabba daga wata uwa duniya. Mawallafi ya kafa tambaya mai kyau, ya amsa ta da abin da ba mai iya kai wa gare shi ta hanyar tunani.

Karen da bai yi haushi ba

Labari na biyu na Arthur Conan Doyle ne, an buga shi a Landan a watan Disamba na 1892. Mai bincikensa Sherlock Holmes ya fi ko wane mai bincike na cikin littattafai suna. Labarin na wani dokin sukuwa ne mai suna Silver Blaze, wanda ya ɓace daga barga ana sauran 'yan kwanaki a yi babban tsere.

Doyle ya jera daren dalla-dalla. Da ƙarfe 9 aka kulle barga. Jim kaɗan wata 'yar aiki ta kawo wa yaron da ke gadi abincinsa, naman tunkiya da miya mai yaji ƙwarai. Sai ga wani baƙo ya biyo ta, yana neman ya ba yaron kuɗi ya gaya masa labarin dawakin. Yaro ya fusata, ya ruga ya kwanto kare, kafin ya fito baƙo ya ɓace. Da ƙarfe 1 matar mai horon dokin ta farka ta ga mijinta yana sa tufafi, ya ce hankalinsa bai kwanta ba, za shi ya duba barga. Da ƙarfe 7 na safe aka tarar da yaron gadi a buge da maganin barci, ba doki, gawar mai horo kuwa tana can cikin wani kwari an fasa kansa, da 'yar wuƙa a hannu ɗaya, da ƙyallen wuyan baƙon nan a ɗaya hannun. Waɗansu yara biyu da suka kwana a saman bargar suka ce ba su ji kome ba. 'Yan sanda suka kama baƙo, kowa kuwa ya ga sun yi daidai.

Holmes ya kama zaren daga abin da ba a ji ba. Akwai kare a barga, an shiga an fitar da doki, amma karen bai yi haushin da zai ta da yaran nan biyu ba. Ashe wanda ya shiga sananne ne gare shi. Sa'an nan maganin barcin yana da ɗanɗano, miya mai yaji ce ta ɓoye shi, baƙo kuwa ba shi da ikon zaɓar abin da za a dafa a gidan wani. Bayan haka aka sami tumaki uku na wurin suna ɗingishi. Da aka haɗa waɗannan sai ya tabbata mai horon ne da kansa ya fitar da dokin, don ya ɗan yanke masa jijiya ya gurgunce, shi kuwa ya ci kuɗin caca ya biya bashin da ya ci a ɓoye. A kan tumakin ya gwada hannunsa. Da ya ƙyasta ashana cikin duhu sai doki ya firgita ya harbe shi a ka.

Cikin labarun nan uku wannan ya fi gyaruwa. Ba abin da aka ɗauko daga nesa. Kare da miya da tumaki duka an ajiye su a gaban mai karatu tun da wuri, in ya kasa haɗa su ba shi da wanda zai zarga. Ya kuma koyar da abin da mutane su kan manta, watau shiru ma shaida ne. Duk wanda ya yi kiwo ya san kare ba ya yi wa ɗan gida haushi, kuma da ɗan gari a kan ci gari. Hayaniyar baƙon ƙarfe 9 ita ta cika kunnen kowa, shirun ƙarfe 1 kuwa shi ke ɗauke da gaskiya.

Wani zai ce kare ya kan yi shiru don waɗansu dalilai, ko an jefa masa nama, ko ruwan sama ya kore shi lungu. Gaskiya ne. Da a kan karen kaɗai Doyle ya dogara da hukuncinsa ya yi rauni. Abin da ya tsirar da shi shi ne bai bar alama ɗaya ta tsaya ita kaɗai ba, sai da ya kawo mata 'yan'uwa biyu daga wurare dabam suka gaskata ta.

Ihun da aka yi don a ji

Labari na uku na Agatha Christie ne, mutuniyar Ingila. An buga shi a 1934, shekarar da Jiki Magayi ya fito. Cikin jirgin ƙasa mai suna Orient Express abin ya auku, wanda ya taso daga Santambul za shi yammacin Turai. Bayan tsakar dare dusar ƙanƙara ta tare hanya a ƙasar da a lokacin a ke kira Yugoslabiya, jirgi ya tsaya cik, ba shiga ba fita. Mai bincikenta, Hercule Poirot, yana kwance a ɗakin da ke jikin na wani attajiri mutumin Amurka.

Da ƙarfe 1 saura minti 23 wani nishi mai ƙarfi ya ta da Poirot, daga ɗakin attajirin. Aka kaɗa ƙararrawa, ma'aikacin tarago ya zo ya ƙwanƙwasa, wata murya ta amsa daga ciki da Faransanci cewa ba kome, kuskure ne. Bayan ƙarfe 1 wata mata ta yi ta kaɗa tata ƙararrawar, tana cewa wani namiji ya shigo mata ɗaki. Can kuma aka bugi ƙofar Poirot, ya leƙa ya ga bayan wata mace da jar riga tana wucewa. Da safe aka sami attajirin an soke shi wuri 12, agogonsa ya fashe ya tsaya a ƙarfe 1 da kwata.

Nan mawallafiyar ta haƙa rami biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Agogon da ya tsaya tarko ne wanda mai hankali zai tsallake, masu kisan kuwa sun san zai tsallake. In ya tsallake sai ya faɗa cikin na biyu, gama mamacin ba ya jin Faransanci, saboda haka za a ce wanda ya amsa ɗin nan shi ne mai kisa, kuma da ƙarfe 1 saura aka yi aikin. A wannan lokaci kuwa kowa a taragon yana da wanda zai shaide shi yana wani wuri. Poirot ya tsaya ya tambayi ihun kansa. Mamacin ya sha maganin barci mai nauyi, ba kuwa alamar ya yi kokawa, to, ta yaya ya yi nishin da zai ta da maƙwabci? Ashe an shirya hayaniyar ne musamman domin kunnen Poirot, shi kuwa mutumin yana ta barcinsa, ba a kashe shi ba sai wajen ƙarfe 2, sa'ad da tarago ya yi tsit. Mutum 12 ne suka haɗa kai. Mamacin kuwa tsohon mai satar mutane ne, wanda ya sace wata ƙaramar yarinya a Amurka ya kashe ta, ya kuɓuta daga shari'a ta hanyar dukiya da dabara.

Wajen jeren lokaci ba wanda ya kai Christie cikin su uku. Ta ƙara wata tambaya wadda Poe da Doyle ba su yi ba: wa zai amfana idan an ji wannan ƙara a wannan sa'a? Mai karatu da ya gama littafin ba zai ƙara karɓar lokaci daga hannun kowa ba sai ya san wanda ya saita agogon.

Amma ƙarshen littafin yana da abin dubawa. Poirot ya kawo bayani biyu, na ƙarya wanda ya ɗora laifi a kan wani baƙo da ya tsere, da na gaskiya. Aka zaɓi na ƙarya don a kai wa 'yan sanda, masu kisa suka tafi abinsu. Mawallafiyar ta sauƙaƙa wa kanta, gama ta tabbatar wa mai karatu mamacin mugu ne ba shakka, sai zuciya ta karkata ga masu ramuwa. A duniya kuwa masu ɗaukar doka a hannunsu kullum suna da irin wannan tabbaci a ransu, sau da yawa kuma ba su da gaskiya. Littafin da ya yi ɗaruruwan shafuka yana koyar da tuhumar abin da aka ji bai kamata ya ƙare da wanke hukuncin da aka yanke a ɓoye ba.

Agogon dare na ƙasar Zazzau

Mai karatu zai iya cewa waɗannan labarun Turawa ne masu agogo a aljihu, ina ruwan mutumin Paki ko Hunkuyi da su? Amsa ita ce daren ƙasar nan yana da nasa agogo, mai rubutu da Hausa kuwa ya daɗe da saninsa. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1937, aku ya kan tsare Musa ɗan sarki da labari ko wane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa hannun mutanen Waziri. Wayewar garin nan ita ce iyakar da ran yaron ya rataya a kanta.

Ga magariba da lisha, ga kiran assalatu da na asuba. Ga carar zakara. Ga gamzaki, a watannin da ya ke fitowa gabanin alfijir. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano a 1911, ta bi ta Likoro da Gimi, kukan jirgi ya zama alamar lokaci ga ƙauyukan da ke kusa muddin jirgin yana bin ƙa'ida. Da rani ga masu ban ruwan tumatir a fadamu, ga masu matsar rake da dafa mazarƙwaila a ƙasar Makarfi da Kudan, waɗanda su kan yi sammako tun duhu bai yaye ba. Da azumi ga masu tashin mutane sahur. Waɗannan duka shaidu ne da ke farke sa'ad da gari ke barci.

Sai dai ko wanne yana da inda ya ke ruɗin mutum. Zakara ya kan yi cara fiye da sau ɗaya, haske ko motsi ma ya kan sa shi. Kiran salla na asuba biyu ne, lasifika kuma ta kan kawo na wani gari. Da hunturu sauti ya kan yi nisa da dare, domin iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ta karkato da shi ƙasa, har abin da ke hayin rafi a ji shi kamar a bayan danga. Tun 2001 wayar hannu ta bazu a Nijeriya, tana rubuta mintin da aka yi kira, amma lokacin kira ta ke faɗi, ba ta san lokacin da aka yi ɓarna ba. Ita ma tana iya zama irin fasasshen agogon nan na cikin jirgi.

Wanda ya fi su riƙon amana shi ne wata. Ko wane dare ya kan jinkirta fitowa da wajen minti 50. Wajen 7 ga wata ya kan faɗi da tsakar dare. Daren 14 ya kan fito da magariba ya kwana. Wajen 22 ba ya fitowa sai dare ya raba, a ƙarshen wata kuwa sai gab da asuba. A 1858 Abraham Lincoln, tun yana lauya bai zama shugaban Amurka ba, ya kare wani saurayi da aka tuhuma da kisan kai. Mai shaida ya ce ya ga dukan da idonsa wajen ƙarfe 11 na dare da hasken wata yana sama. Lincoln ya kawo littafin lissafin fitowar wata da faɗuwarsa, ya nuna a wannan sa'a watan ya riga ya yi ƙasa yana shirin faɗuwa. Aka sallami saurayin.

A ɗauki misali. A ce an kwance dokin wani mai matsar rake daren 22 ga wata. Maƙwabci ya ce ya ji takun kofato bayan kiran assalatu. Mai ban ruwa ya ce ya ga wani baƙo a hanya wata yana fitowa. Jama'a za su haɗa biyun nan su ce baƙo ne ɓarawo. Amma wanda ya san lissafin wata zai ga tsakanin ganin baƙo da jin kofato ya fi awa 4, watau abubuwa biyu ne dabam, sai in an sami abin da ya ɗaure su. Sa'an nan ya tambayi abin da karen gidan ya yi. Marubucin Hausa da ya gina labari a kan irin wannan ba ya bukatar aron jirgi ko dusar ƙanƙara daga kowa.

Abin da ke cikin lamarin

Wannan ba maganar hira kaɗai ba ce. Ran 5 ga Oktoba 2012, a garin Aluu kusa da Fatakwal, aka yi wa waɗansu ɗalibai 4 na jami'a ihun ɓarayi tun gari bai gama wayewa ba. Jama'a suka taru suka kashe su. Daga baya labari ya fito cewa karɓar bashi suka je. A 2017 kotu ta yanke wa mutum 3 hukuncin kisa saboda wannan aiki, amma hukuncin bai komo da yaran ba. Ihu ɗaya ne aka karɓa ba a tambaye shi ba.

Alkalan ƙasar nan tun da can sun san haɗarin. Mai ƙara shi ke kawo shaidu, a kan binciki halin mai shaida kafin a karɓi maganarsa, a kan kuma ba wanda a ke tuhuma dama ya soki shaidar in yana da abin suka. Labarin bincike mai kyau wannan tarbiyya ya ke koyarwa, sai dai ya sa mata zaƙi don ta shiga.

In an auna su uku, Poe ya nuna kunne ya kan laƙaba wa baƙo abin da bai gane ba, amma ya ɓata aikinsa da birin da ya ɗauko daga nesa. Christie ta fi kowa iya jeren sa'o'i, amma ta rufe littafinta da abin da bai kamata a yi koyi da shi ba. Doyle shi ya cika sharuɗɗa, gama ya ba mai karatu duk abin da ya ba mai bincike, ya kuɓutar da baƙon da aka kama, ya kuma yi haka da abubuwan da ko wane manomi ya sani.

Wanda ya karanta irin waɗannan labaru da lura, ran da aka taru a ƙofar mai unguwa ana cewa an ji kaza an ji kaza, ba zai zama na farko wajen ɗaukar sanda ba. Zai tambayi mai magana inda ya ke kwance sa'ad da ya ji, da abin da ya sa ya farka, da yadda ya san lokacin, da ko nawa ga wata. Tambayoyin nan ba su da wuya, ba su kuwa cin lokaci mai yawa, amma sau da yawa kafin a gama amsa su zuciya ta huce, baƙon da aka tsare kuma ya sami bakin faɗin inda ya kwana.